Shafukan Ƙarshe Suna Gwaram

Birnin Kudu,
4 ga Maris, 2023.

Aminina Safiyanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Gwaram baki ɗaya.

Jiya na buɗe akwatin ƙarfen nan namu. Littattafan yaƙi sittin da uku, duk suna nan, gara ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ƙamshin tsohuwar takarda ya buge ni, sai ga ni a bayan aji muna leƙa littafi ɗaya, kana zungurina wai na cika jinkirin juya shafi.

Kuma ko ɗaya babu mai ƙarshe, mugun mutum! Kai ka kafa dokar tun da aikin koyarwa ya raba mu: ni ke ajiye littafi, kai kuma ka yage shafuka biyun ƙarshe ka tafi da su, don dole in hau mota in zo in ga yadda aka ƙare. Na zo sau sittin da biyu. Saura mai jan bangon nan, inda aka jefa Sadauki Kundusu a rijiyar macizai aka rufe da dutse. Shekara goma sha ɗaya ina cewa sati mai zuwa.

Ba zan ɓoye maka ba. Likita ya ce hawan jinin ido gare ni. Na dama ya riga ya tafi, na hagu yana bin sa. Don Allah ka karya dokar sau ɗaya, ka ba direba shafukan nan ya kawo mini. Ina so in gani da idona.

Ka gaida kowa.
Naka, Barau.

Birnin Kudu,
27 ga Afrilu, 2023.

Aminina Safiyanu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Amsa ta zo, amma da rubutun 'yarka Zahara'u. Ta ce tun kafin azumi ɓarin jikinka ya shanye, magana ta tsaya, sai dai kana ji, kana gani, har wasiƙata da kanka ka karanta. Ina ta kukan idona, ashe kai kana kwance.

Ta ce sun birkice ɗakinka suna neman gwangwanin da kake zuba shafukan, ba su gani ba. In ta tambaye ka, sai ka ɗaga ido sama hawaye su zubo. Ka bar wahalar da kanka, laifina ne. Gwaram ɗin da ake zuwa a dawo kafin azahar, ni na mayar da ita ƙarshen duniya.

Jibi za a kai ni Kano a gwada aiki a ido. Tsoro nake ji, kuma babu wanda zan iya faɗa wa sai kai.

Naka, Barau.

Birnin Kudu,
12 ga Agusta, 2023.

Aminina Safiyanu,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya damina? Wannan rubutun 'yata Hidaya ne, ni da baki kawai nake faɗa. Aikin idon bai yi ba.

Zahara'u ta aiko cewa ɗakinka ya yi yoyo, masu gyara suka tarar da gwangwanin a tsakanin azara. Ashe duk ɗaga idon nan da kake yi nuna musu kake, su kuma suna zaton addu'a ce. Na yi dariya, daga baya na kasa tsayar da hawaye.

Ta ce za ta aiko da shafukan. Na ce a bar su, me zan yi da su? Hidaya ta ce za ta karanta mini, na ƙi. Ƙarshen nan da kai aka saba ganinsa.

Ran Asabar mai zuwa ina tafe da mai jan bangon, in Allah ya yarda. Kai kana da ido babu baki, ni ina da baki babu ido. Zan ba ka labarin tun daga farko, don na haddace shi, har bakin rijiyar. Daga nan Zahara'u ta riƙe maka shafukan ka karanta. Zan sa hannuna cikin naka mai lafiyar. In Kundusu ya fito, ka matsa sau ɗaya. In bai fito ba, sau biyu.

A'a, Safiyanu. Ko bai fito ba, ka matsa sau ɗaya.

Ka huta lafiya, sai na iso.
Amininka har kullum,
Barau.