Alkakin Inna a Littafin Siddiƙa

Zuwa ga Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan da zaman Fatakwal ya ƙara tsananta shi. Mu nan Daura kalau muke. Mansur ya gama shuka a Sandamu, Hussaina kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Maganar 'yarka Siddiƙa ce ta sa na ɗauki biro. Ka san shekara shida muna alkakin gara tare, ita ke kwaɓi da suya, ni ke dafa sukarin da ake tsomawa, yadda Inna ta koya mini. To wata uku ke nan ta shiga hannun wata Malama Zulfa, wai mai horar da mata kan sana'a. Duk Asabar sai ta zo da jakarta da murmushin da ba ya ƙarewa, ta zaunar da yarinya tana yi mata tambayoyi. Ni ban taɓa ganin mai koyar da sana'a da ba ta taɓa riƙe matsami ba. Ranar da ta ce a rubuta yadda ake alkakin tun daga farko har ƙarshe, wai don aiki ya tafi ko ba na nan, sai na ce a raina yau ga inda aka dosa. Wa ya san gida nawa take shiga da wannan jaka?

Da Siddiƙa ta zo da littafi, na faɗa mata komai, amma na ɓoye ruwan tsamiyar da ake zubawa a sukari don kada ya daskare. Na ce a raina idan matar nan ta sace, to ta saci wahala.

Ana nan sai rasuwa ta kai ni Dutsi kwana huɗu. Ashe a bayana an kawo aikin garar wata amarya a Kongolam, Malamar ta ƙarfafa mata gwiwa ta yi ita kaɗai. Yarinya ta bi littafi tiryan-tiryan. Sukari ya daskare fari fat, alkaki ya yi tauri kamar tsakuwa, dangin amarya suka dawo da shi a gaban maƙwabta.

Wallahi Yaya da na dawo na ji kunya, na faɗa wa Siddiƙa gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi ba Malama na ɓoye wa ba, ita na ɓoye wa, shekara shida. Yanzu ta ce za ta koma ɗinki, kuma Malamar ce ma wai ke ba ta haƙuri ta zauna. Wannan haƙurin ma ban yarda da shi ba, har yanzu zuciyata ba ta kwanta da matar ba. Amma dai ka kira 'yarka, ni ba ta kallon idona. Jiya na dafa sukari a gabanta, na zuba tsamiyar a hankali don ta gani, sai ta tashi ta shige ɗaki.

Ka gaida Yaya Hadijatu da Amatullah da Suhaibu. Maimuna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Nana