Laddu a Gidan Makoki

Karad

Zuwa ga Yayata Indumati,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yaran. Yaya gwiwar taki?

Mu muna nan. Tun da mai gidana, baban Ketaki, ya rasu gidan ya yi mini girma. Gara ma yanzu da Ketaki ta dawo goyon ciki, ina jin motsin mutum.

Yaya, abin da zan faɗa miki kada ya wuce ke. A asibiti an ce sugan jininta ya hau. Likita ta ce irin na masu ciki ne, yakan tafi bayan haihuwa in an kiyaye. In ba a kiyaye ba, ɗan yakan yi girman da zai wahalar da ita, ko ma a rasa shi. Ciwon da ya fara da yatsan ƙafar babanta ke nan, ya ƙare da ƙodarsa. Ke ma kin ga yadda ya koma.

Ketaki ta sa na yi mata alkawari surukarta Sindhubai ba za ta ji ba. Ta ce, "Inna, cewa za ta yi sun auro ciwo daga gidanmu." Mijinta Tushar ya sani, amma a gaban uwarsa ba shi da baki.

Ga Diwali, bikin fitilu, ya matso. Bana shekarar makoki ce, ba mu da damar ɗora kasko don kayan zaki, mutane ne za su kawo mana. Kowa ya zo da gwangwaninsa sai ya ce mai ciki ta fara ɗanɗanawa, kada ɗan ya fito yana dalalar da miyau. Sindhubai ta riga ta aiko cewa tana soya karanji, ta cika cikinsu da kwakwa da suga, kuma da hannunta za ta ba Ketaki a baki.

Maƙwabciyata Mangal ta ce in zo wajenta mu dunƙula laddu, kayan zakin nan da ake curawa, amma marar suga. In an ga yarinyar da faranti tana ci, ba wanda zai matsa mata. Na ce ai ina makoki. Ta ce, "Ke Vatsala, murhuna ne, ba naki ba. Ni mijina yana nan da ransa, yana cinye mini abinci." Na yi dariya, ban san na iya ba har yanzu.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Vatsala

Karad

Yayata,

Ina gaishe ki. Da fatan tarin mai gidanki ya yi sauƙi.

Mun yi laddun. Garin tamba muka soya da man shanu kaɗan, muka haɗa da mazarƙwaila, ko ƙwayar farin suga ba mu sa ba. Ai kin san yadda muka taso, suga na kanti ne, mazarƙwaila kuwa magani ce, ita ake ba mai jego. Ketaki ta daɗe ba ta sa zaki a baki ba, ta ci har tana lashe yatsu, ni kuma ina ƙara mata.

Da la'asar ta soki yatsa da na'urar gwada suga ta babanta, wadda na kasa zubarwa. Ta dubi abin, ta dube ni, sugan ya hau sosai. Sai ta ce tun da rana ba ta ji ɗan ya motsa ba.

Ban san yadda muka isa asibiti ba. Nas ta ɗora mata abin sauraro a ciki tana yawo da shi, shiru, shiru. Ina riƙe da ƙafar Ketaki, a ɗakin da ke kallon wanda aka kwantar da babanta a ciki. Can sai muka ji bugun, kamar ƙaramin doki yana gudu. Na zauna a ƙasa.

Nas ta tambayi me ta ci, na faɗa. Ta ce, "Baba, mazarƙwaila ai suga ce da ba ta yi wanka ba. Rake ɗaya ya haife su." Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta ce in dai sai an yi, gyaɗa da riɗi su fi yawa, dabino kaɗan don ya kama, dunƙulen ya zama ƙarami, ɗaya tak bayan abinci.

Mun sake yi a gidan Mangal. Ba ya kamawa, da an taɓa sai ya ruguje. Mangal ta ɗanɗana ta ce ko akuyarta sai an roƙe ta.

Jibi Sindhubai za ta zo. Ketaki ta ce za ta ci karanjin kawai a zauna lafiya, na rana ɗaya ba ya kisa. Babanta ma haka yake cewa kowane biki. Yaya, ba na iya cin abinci. In na yi magana na ɓata wa 'yata gidan aure. In na yi shiru, ban san me zan ɓata ba.

Taki,
Vatsala

Karad

Yaya Indumati,

Barka da Diwali, ke da mutanen gida duka. Da fatan an kunna fitilu lafiya. Mu fitila ɗaya muka kunna a gaban hoton baban Ketaki.

Sindhubai ta zo, da Tushar a bayanta yana ɗauke da gwangwani. Ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata, har da hawaye, ban ƙi gaskiya ba. Sannan ta buɗe gwangwanin, ƙanshi ya cika ɗaki. Na turo farantin laddunmu gaban Ketaki na ce ta riga ta ci. Sindhubai ta ɗauki ɗaya, ya watse a hannunta. Ta ce, "Suruka, wannan abincin tsuntsaye kike ba jikana?" Ta ɗauko karanji ta ce Ketaki ta buɗe baki.

Ta buɗe, Yaya. Tana kallona, ta buɗe.

Sai na ga hannuna a kan hannun Sindhubai. Na ce, "Tana da suga. Ciwon da ya kashe ubanta. Ki zage ni, ki zagi gidanmu, amma ba za ta ci ba."

Ketaki ta fashe da kuka. Sindhubai ta juya kan ɗanta ta ce, "Kai ma ka sani?" Ya sunkuyar da kai. Ta ce ashe ita ce bare. Ta ce dama an faɗa mata a bincika jinin gida kafin a ɗaura aure. Wannan ta shige ni, amma ban saki hannun ba sai da ta mayar da karanjin. Ta fita ko ruwa ba ta sha ba.

Ketaki ba ta yi mini magana ba har washegari.

Da hantsi sai ga Sindhubai ita kaɗai. Ba ta gaishe ni ba. Ta zauna kusa da Ketaki ta ɗora hannu a cikin, ta daɗe, har ɗan ya harbe ta. Sannan ta tambayi me nas ta ce, ta sa aka maimaita mata. Ta ce riɗin ne ba mu daka ba har ya fitar da mai, shi ya sa bai kama ba, kuma abin kunya ne mai makoki tana yawon murhun maƙwabta. Ita za ta riƙa yi tana aikowa. Duk wannan bango take faɗa wa, ba ni ba.

Jiya an kawo na farko. Ƙanana ne, sun kama tsaf. Ketaki ta ci ɗaya, ta soki yatsa, sugan bai hau ba.

Maganar jinin gida kuwa ba ta janye ba, kuma na san za ta bi Ketaki har ɗakinta. Na yarda. Haihuwa ce yanzu a gabanmu, kuma ina tsoron asibitin nan ni kaɗai. In gwiwarki za ta iya hawa mota, ki zo.

Ki gai da kowa da sunansa.

Ƙanwarki,
Vatsala