Goron Baba a Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

Zuwa ga Shugaban Hukumar Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Hannatu, nas ce ni, ina zaune a garin Lanham, nan ƙasarku, da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu, Rifkatu da Saratu. Na rubuto ne a takardar ƙungiyarmu ta 'yan gida don kowa ya gani, maigidana kuma zai juya maka ita da Turanci.

Kafin in kawo kukana, bari in ba ka haƙƙinka. Ina garin nan ake haƙa tituna, ana cewa jirgi zai bi ta ƙarƙashinsu, muna dariya. Kafin layinku ya iso New Carrollton kusa da mu, bas biyu nake shiga zuwa aiki, in tsaya cikin ƙanƙara har yatsuna su sandare. Yanzu sai in sa katina a ƙofa, ta haɗiye shi ta tofo mini, fitilun bakin dandamali su yi ta ƙyaftawa, jirgi ya iso. An shimfiɗa masa kafet kamar ɗakin amarya. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne dokar hana ci da sha a ciki. Shekara da shekaru ina yi wa yarana wa'azi da ita. Na taɓa fizge biskit daga hannun Saratu tun muna kan matakala.

To, ga abin da ya faru. Surukina, Baba, ya zo daga Zonkwa a duba masa ido. Asabar biyu da suka wuce na ɗauke shi da yaran mu je cikin gari, karonsa na farko ke nan a jirginku. Da jirgin ya bar sarari ya nutse cikin rami, daɗi ya kama Baba. Ya zaro goro daga aljihu, ya ɓare, ya miƙo mini rabi. A wurinmu, matar ɗa ba ta mayar da hannun uban mijinta. Na rusuna, na karɓa da hannu biyu, na gatsa. Ɗaga kan da zan yi, sai ga ɗan sandanku a tsaye a kaina.

Ga kukana. Na farko, allonku mai hotunan abubuwan da aka hana ba shi da goro. Ban ga inda aka zana shi ba, Baba kuwa ba ya karanta Turanci. Shi a ganinsa ma goro ba abinci ba ne, gaisuwa ce. Ba zan yi maka ƙarya ba, ni na san doka, amma da akwai hoton, da na nuna masa da yatsa ba tare da na yi wa babba gyara da bakina ba.

Na biyu, ɗan sandan ya ja mini kunne a gaban yarana. Bai yi tsawa ba, yaro ne mai ladabi, uwarsa ta yi ƙoƙari. Amma ba a yi wa uwa faɗa 'ya'yanta na kallo. Da ya jira mun sauka ya kira ni gefe, da maganar ta ƙare a nan. Baba, bawan Allah, don kunya sai ya haɗiye tuƙar goron gaba ɗaya, bai ɓata muku kafet ba ko kaɗan.

Tun ranar nan maganata ta rage nauyi a gidana. Da na buɗe baki zan yi faɗa, sai su kwaikwayi ƙarar nan da jirgi ke yi kafin ƙofa ta rufe, su fashe da dariya. Na kama Saratu da gyaɗa a aljihu za mu shiga tasha, ta amsa mini da Turancinta cewa ai Mama ma ta ci. Yarinyar da ta raina ƙaramar doka yau, gobe babba za ta raina, kuma ni za a tambaya.

Saboda haka Asabar ɗin nan na sake kwashe su duka zuwa jirgin. Muna shiga rami Baba ya manta, ya sake miƙo goro. Na rusuna, na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na ƙulle shi a bakin zanena. Sai da matakala ta fito da mu kan titi na kwance, na ci a gabansu. Saratu ta dube ni, ta dubi Baba, sannan ta fiddo gyaɗarta, ashe ita ma jira take yi.

Roƙona biyu ne. A ƙara hoton goro a allon nan, ni zan aiko da guda ɗaya fari mai kyau don mai zana hoton ya gani. Sannan a koya wa ma'aikata su riƙa kiran iyaye gefe. Shi yaron nan kada a taɓa shi, aikinsa ya yi. Dokar ma kada a sassauta ta, ina bukatarta a gida.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare jiragenka da masu tuƙa su, ya kai layin har Greenbelt muna raye. Goron da zan aiko, in mai zane ya gama, naka ne. Amma a ofis za ka ci.

Wassalam.

Hannatu, uwar Rifkatu
Lanham