Gidan Kawu Ba Ya Cikin Taswira

Daga Bodinga.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya ruwan Legas? Mu nan lafiya lau, an gama cire albasa a Danchadi.

Tunda na gama makaranta ba ni da abokin hira sai Kaka. Kullum bayan la'asar nakan fassara mata littafin tarihin Legas da ka bari, labarin gadoji da kasuwanni da masunta. Ranar Talata ta ce, "Kai ɗan boko, nuna mini gidan ɗana." Na duba taswirar sau uku, sannan na gaya mata gaskiya, cewa littafin ya girmi unguwarku, ba ta ciki. Sai ta ce, "To, rufe shi." Yau kwana biyar ba ta nemi karatu ba, gidan ya yi shiru.

Don Allah Kawu, ka zana layinku a takarda, ka sa alama a ƙofarka, ka aiko in liƙa a ciki. Na so in zana da kaina, amma ban taɓa zuwa ba, kuma ba na son yi mata ƙarya.

Ka gaida Gwaggo da yara, ka sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Bello