Lambarka Tana Hannun Wata Mata

Talata. Aikin farko: ciro waya daga cikin shinkafa, a gwada ko za ta kama.

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai yake iya yi wa wanda ya riga shi, ina roƙon Allah Ya sa wannan ta same ka cikin rahamarSa. Mu nan unguwarmu ta Highbridge, a ƙasar Turawan nan, lafiya lau muke. Ummi tana zuwa makaranta, ta kusa kamo ni a tsawo, kuma har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take amsa mini.

Wayar ba ta kama ba, Malam.

Ranar Asabar ne ina yi wa tsohuwar da nake kula da ita wanka, na sunkuya zan ɗauko soso, sai wayar ta zame daga aljihun rigar aiki ta faɗa cikin ruwa. Na tsamo ta, na goge, da na dawo gida na binne ta a shinkafa kamar yadda kowa yake cewa a yi. Yau da safe na danna, na sake dannawa, na sa caji, fuskarta baƙi ƙirin.

Ba wayar ce ta dame ni ba, ta daɗe da tsufa. Hotunan ne. Ka taɓa ce mini duk hoton da na ɗauka yana hawa sama ya zauna cikin imel ɗina, ko waya ta ɓata ba abin da zai same shi. Na ce to. Ban tambaye ka saman ina ba, domin kana nan, ban ga dalilin da zai sa in sani ba.

Taka wayar kuwa ba ta nan. Da aka zo rabon gado, liman ya ce komai naka sai ya shiga, har agogo da takalmi. Aka haɗa ta da kayan da aka aika Zariya, ta faɗa rabon ƙaninka Sani, shi kuma ya kai kasuwa aka wanke ta tas ya sa layinsa. Ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa ne. Amma hakan ya sa duk inda fuskarka da muryarka suka rage a duniyar nan, cikin imel ɗin nan nawa ne.

Da na tashi daga aikin safe na hau bas zuwa Fordham Road, shagon Alhaji Mamman na Maraɗi, wanda kuke tsayawa ƙofar masallaci kuna musun ko shayin Nijar ya fi na Najeriya. Ya yi mini ina haƙuri, na ce da godiya. Ya jero mini wayoyi a kan kanta, ya ɗaga ɗaya ya ce, “Ki ɗauki wagga, Hajiya. Ko cikin teku ta hwaɗa, alwala kawai za ta yi ta hito.” Na yi dariya, na ɗauka.

Shi ya kunna ta, ya sa mata layina, ya haɗa ta da intanet ɗin shagon. Ina tsaye ina kallon kowane abu da ya danna, don in iya da kaina nan gaba. Ta tambayi adireshin imel, na faɗa masa harafi harafi. Sai ya ce, “Saura modipas,” wato kalmar sirri, abin da mu muke ce wa fasawod. Ya miƙo mini wayar, ya kau da kai.

Ka tuna ranar da ka buɗe mini imel ɗin? Ban daɗe da zuwa ƙasar nan ba, muna zaune a teburin kicin, ina gyaran alayyahu kana danne-danne. Ka ce, “Tun da aka kawo ki gidana ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Malam, Malam, sai ka ce karatun allo nake ba ki. To tunda baki ya ƙi, yatsa zai yi.” Ka sa sunanka ya zama kalmar sirrina, ka ƙara wasu lambobi a baya. Na ce Allah Ya shirye ka. Ka yi ta dariya har tari ya kama ka.

Kai ma ka san ba taurin kai ba ne. Na tashi a gidan da mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba, ko yaron maƙwabta ne mai irin sunan sai dai ta ce mai sunan Malam. Na zo nan na ajiye abubuwa da yawa. Na koyi shiga jirgin ƙasa ni kaɗai, na koyi yi wa mai gidan haya tsawa a kan ruwan zafi, na koyi yi wa wadda ban haɗa komai da ita ba wanka. Wannan ɗaya dai ban ajiye ba.

Na rubuta sunan. Karon farko ta ce ba daidai ba, na manta babban harafin farko. Na biyu ta karɓa. Har na sauke ajiyar zuciya, sai wani rubutu ya fito, wai ba su san wannan wayar ba, don haka sun tura lambobi shida zuwa layin da aka ajiye don irin wannan rana, in shigar da su. Suka nuna ƙarshen lambar layin. Ban buƙaci ganin farkonta ba.

Taka ce. Lokacin da ka buɗe mini ba ni da layi nawa, shi ya sa ka sa naka.

Bayan rasuwarka na bi komai ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ka san ni: banki, inshorar mota, takardar haya, ofishin makarantar Ummi. Layinka kuma aka rufe shi kafin wayar ta tafi gida. Ban san imel ɗina a jikinsa yake rataye ba. Ko ka taɓa gaya mini na manta? Tun rana nake juya abin a raina, ban tuna ba.

Alhaji ya danna inda aka ce a gwada wata hanya. Suka ce in taɓa amincewa a tsohuwar wayata, ga ta a jakata a mace. Ya sake dannawa, suka ce za su tura saƙo zuwa wani imel. Naka ne shi ma. Duk inda muka bi, wurinka ake maido mu.

Ya ce akwai tambayoyin da ake amsawa a jira kwanaki, wani ya dace wani bai dace ba. Ya ce ko kuma ya buɗe mini sabo yanzu-yanzu, ba wuya. Na ce, “Alhaji, sabon ba shi a ciki.” Ya gyara hularsa. Can ya ce kamfanonin waya ba sa barin lamba ta zauna a banza, mai yiwuwa an ba wani, in kira in ji.

Tun ranar da aka kira ni daga asibiti ban sake buga lambar nan ba. Ita ce lamba ta farko da sabuwar wayata ta kira. Na zaci za a ce a kashe take. Sai na ji tana shiga, irin shigar da take yi in kana kan hanya da fasinja, har na sami kaina ina jiran ka ce, “Ina tuƙi, Rabi, mene ne?”

Wata mata ce ta ɗauka, babba ce daga jin murya, talabijin yana ta magana da Sifaniyanci a bayanta. Na haɗa Turancina na ce wasu lambobi sun shigo mata yanzu, nawa ne, ta taimaka ta karanto mini. Ta ce ta san irinmu, ɓarayin waya, ta kashe.

Alhaji ya ce, “Gaskiya tata, Hajiya. Ni kaina kullum ina hwaɗa ma mutane, ko uwarka ta tambaye ka kod, lambobin ga da aka turo ma, ka ce ta bari ka zo gida.”

Na sa aka sake tura lambobin, na sake kira. Wannan karon Alhaji ya sa ta a sifika don ya taya ni in Turanci ya ƙare mini. Ban shirya abin da zan ce ba. Na ce don Allah kada ta kashe, lambar nan ta mijina ce, ya rasu, hotunansa suna ciki, ba ni da wasu.

Na ji ta rage ƙarar talabijin. Sai ta ce tun da aka ba ta lambar nan ba ta huta ba. Kantin magani yana turo saƙo wani mutum ya zo ya karɓi maganin hawan jini. Mutane suna kira a kai su filin jirgi. Duk Juma'a saƙonni masu tsawo suna shigowa da yaren da ba ta sani ba. Ta ce ta san sunan mutumin, ta gan shi ya fi a ƙirga. Ta ce, in da gaske ni matarsa ce, in faɗi sunan.

Malam, akwai mutum biyu a shagon, 'yan masallacinku ne, sun yi maka salla. Duk suka sunkuyar da kai. Alhaji ya matso ya ce, “Bari ni in hwaɗi mata.” Matar ta ji muryar namiji, ta ce a'a, daga bakin matar take so ta ji, in ba haka ba ta kashe kuma kada a sake kiranta.

Alhaji ya dube ni, ya dubi mutanen nan, ya ce musu, “Ku taho ku ga wata mota da nike son saye.” Ba wata mota. Ya tasa su gaba suka fita, ya jawo ƙofar gilashin, suka tsaya bakin titi cikin sanyi sun ba ni baya.

Na faɗa.

Ya fito a hankali har ta ce ba ta ji ba, dole na maimaita. Ashe gajere ne haka. Ashe ba shi da wani nauyi a harshe. Kai da ka roƙa da wasa, ka roƙa da gaske, har a gadon asibiti ka ce, “Yau ma ba za a ba ni ba?” na ce ka bari ka warke tukuna, ba ka ji ba. Wata mata da ban san fuskarta ba, ita ta ji, har sau biyu.

Ta maimaita shi a karkace, ta ce shi ne. Ta karanto lambobin ɗaya-ɗaya, ina dannawa. Ta yi mini ta'aziyya irin tasu. Sannan ta ce wannan karon kawai, in cire lambarta daga kayana tun yau, domin ta gaji da kiran, tana shirin mayar musu da layin a ba ta wani. Lambarta, ta ce. Na buɗe baki zan gyara mata, sai na ga ba abin gyarawa.

Wayar ta yi ɗan juyi, ta buɗe. Saƙonnin wurin aiki suka fara zubowa, sai hotuna, kowanne ya fito dishi-dishi kafin ya washe. Na baya-bayan nan ne a sama, Ummi da ƙawayenta ranar salla. Na ja ƙasa, ga ka a asibiti ka rame. Na yi sauri na wuce. Na ƙara ja, ga ka da ƙibarka da hular sanyin nan da nake cewa ta mai da kai ɗan dako.

Akwai wani bidiyo a ciki, ban kalle shi a shago ba. Sai da na sauka daga bas, na hau rabin matakalar nan mai tsawo ta unguwarmu, inda kake tsayawa ka ce numfashi kake jira ya iso, na zauna na kunna. Wanda na ɗauka ta taga ne, kana haƙo motarka daga cikin ƙanƙara. Ka ɗago kai ka gan ni, ka ce, “Rabi, ki daina ɗaukata, ki sauko mini da shayi!” Kai nawa sunan bai taɓa yi maka wuya ba. Mutane suna hawa suna sauka suna kewaye ni, ba wanda ya ce mini komai.

Kafin in bar shagon wayar ta nuna mini lambarka, ta tambaya ko har yanzu ita ce za a riƙa nema in wani abu ya faru. Alhaji ya ce, “A hidda ta yanzu, Hajiya. In matar nan ta maida layin, wanda za a ba shi na gaba ba ki san ko wane na ba.” Na ce gobe. Bai ja da ni ba, ya nuna mini wurin da zan danna, ya sa na maimaita a gabansa har ya ga na gane. Da na gaya masa sunan ne kalmar sirrin, ya ce ita ma a sake ta, tunda yau an ji ta a waje.

Na san gaskiya ya faɗa. In na bar lambarka a wurin, wata rana zan rasa fuskarka gaba ɗaya. In na cire ta, wurin ƙarshe ke nan da aka rubuta cewa in na shiga matsala kai za a nema. Na zauna da wayar a hannu har la'asar ta kusa fita, yatsana a kan wurin, ban danna ba.

Shi ya sa na rubuta wannan a inda mutane za su karanta. Na san halina, zan yi ta cewa gobe har abin ya ƙwace mini. Yanzu da duk wanda ya san sunanka ya san rabin sirrina, ba ni da sauran hanyar jinkiri.

Allah Ya jiƙan ka, Malam. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya saka maka da alherin duk abin da ka ɗauke mini ban ma san kana ɗauke da shi ba. Matar nan ma Allah Ya ba ta lafiya, Ya raba ta da kiran da ba nata ba. In Ya sada mu a Aljanna, kada ka tambaya, ni zan fara kiran ka.

Taka har kullum,
Rabi, Maman Ummi

Gobe Laraba, in Allah Ya kai mu:

Sayo wa wayar riga da gilashin kariya.
Tambayar Alhaji yadda ake ajiye hotuna a wuri na biyu.
Tura wa Innarka bidiyon ƙanƙara, in Sani ya ce za ta iya kallo.
Cire lambarka, sa ta Ummi.
Sabuwar kalmar sirri. Ban samo ba tukuna.