Inabin Bayan Ɗaki

Jos, Yuni 2004

Yaya Sharafaddeen,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen Kudan.

Har yau ina tuna safiyar da kasuwar Terminus ta ƙone. Ka shigo da toka a gashinka, ka wuce ni, ka je ka zauna ƙarƙashin bishiyar inabin da ka dasa mini satin bikinmu. A nan ka ce za ka tafi Kudan aikin gonar inabi, kuma ranar da wannan ta yi 'ya'ya za ka dawo.

Yaya, ta cika rumfa da ganye. Ina zama a inuwarta da littattafaina, in na kai inda masoyi ya dawo sai in rufe. Bana ta yi fure, ruwa ya kakkaɓe shi, ƙanƙara ta yayyaga sauran. Baba Badung maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce, "Amarya, miya za ki yi da ganyen nan?" Na yi dariya, na shiga ɗaki na yi kuka.

Innata tana nan yadda ka bar ta, ɓarin jikin da ya shanye bai saki ba. Me zan ƙara wa inabin?

Taka har kullum,
Ummusalma

Kudan, Yuli 2004

Ummu,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna, Allah ya ba ta lafiya.

Kada ki ƙara mata komai. Na yi aikin nan na gane abin da ban sani ba da na dasa ta. Irin nan zafi yake so da rani mai tsawo. Jos sanyi, ga ruwa ba ya ɗaukewa da wuri, ga ƙasar gidanmu yashin kuza ce zalla. Ganye za ta yi ta yi. Ba za ta haihu a nan ba, ko shekara nawa kika jira.

Ni ma ba zan dawo ba, Ummu, ba ni da abin yi a Jos. Na kama ɗaki. Ki yanko rassa masu kauri, ki naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ki taho da su. A nan za su kama.

Mijinki,
Sharafaddeen

Jos, Agusta 2004

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta wa Inna. Ta ce in tafi, ita dai a Jos za a binne ta. Sannan ta nemi ruwa, kofin ya faɗi daga hannunta.

Rassan suna wurin Jika direba, yana tashi daga Tina Junction ranar Asabar. Na zaɓi masu kauri, na jiƙa buhun sosai. Ka dasa su inda rana take.

Ni ba zan zo ba.

Ka huta lafiya,
Ummusalma