Na Zuba Ma Taubashina Ƙanƙara a Shayi, Ga Shi An Kama Tsohuwa da Maita

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na sake su. Kuma ina roƙonku kada ku fara da zagi, wallahi babu zagin da za ku yi mani wanda ban riga na yi ma kaina ba. Ina rubutun nan a tsaye nake, na kasa zama, na kasa cin abinci, in na hau moto sai in wuce inda za ni ban sani ba.

Ni mai shayi ne a wani ƙauye kusa da Urafane, ina kuma taɓa kabu-kabu ranar kasuwa. Da damina ƴan barema ne abokan cinikina, masu noman ƙodago a gonakin mutane. Duk ɗan ƙasarmu ya san yadda ake yi: kafin su tafi gona sai su biyo ta teburina su ce a ba su "mai ƙarfi", ni kuma in narka masu ƙwayar tramol cikin shayi ko kafe. Buta biyu gare ni, ɗaya ta kowa da kowa, ɗaya ta waɗanda suka san abin da suka zo nema. Ban taɓa ɗaukar abin laifi ba, ce ma kaina nake taimakon talaka nake yi ya ɗaga hauya. To sai hukuma ta matsa. Jandarma suka tare hanyoyi, ƴan duwan, wato kwastan, suka riƙa zazzage kaya, tramol ta yi wuya, wadda ake samu ma rabinta garin alli ne. Kun san me ya faru? Mutane ba su daina ba! Sai dai su zo su tsaya mani a ka, ido ja, suna ce mani shayina ya zama ruwan wanke kwano. Suka fara komawa teburin wani.

Ana nan, wani direba da na sani a tashar Tasawa ya ja ni bayan motarsa ya nuna mani wani abu fari a ƴar leda, kamar gutsattsarin gishiri. Ya ce sunanta ƙanƙara. Ya ce, "Wannan ba tamu ba ce, daga kudu take fitowa ta yi arewa, mu hanya ce kawai, abin da ya zube muke lasa. Tramol fakiti ne, ana gani. Wannan ko a cikin hula ka sa ta ka wuce shinge." Na tambaye shi ko tana da illa, ya yi dariya ya ce, "Illarta ɗaya, gona za ta ƙare ma mutum bai gaji ba." Na karɓa. Me ya sa na karɓa? Kwaɗayi ne, ba wani abu ba. Daga nan na riƙa narka ta a butar mai ƙarfi.

Yanzu ga inda na kashe kaina. Ina da taubashi, ɗan kawuna, in ce mashi Sallau. Ƙato ne, manomi na gaske, ko sigari bai taɓa sa ma bakinsa ba. Kun san wasan taubasai, tun muna yara ba mu raga ma juna. Kullum ya zo teburina sai ya ce, "Rago mai buta, zuba mani na mutanen kirki, ba na mashaya ba." Ya juya ga ƴan barema ya ce da hura kaɗai zai noma abin da su uku ba su nomawa. Ranar nan ya yi ta yi, mutane na dariya, sai na ce a raina yau zan rama. Na zuba mashi daga ɗaya butar. Wallahi tallahi niyyata in gan shi yana zuba surutu in yi mashi dariya, gobe in gaya mashi, shi ke nan. Da marece sai ga shi ya dawo yana walƙiya, ya ce ya gama maimai a gonar kawu shi kaɗai, ya ce, "Kai rago, yau hannunka ya yi albarka, gobe irin na yau nake so." Na buɗe baki in faɗa, na ga yadda mutane ke yaba shi, na san in ya ji zai ji kunya ya fasa mani kai. Sai na ce gobe. Goben nan ita ce har yau ba ta zo ba.

Haka na yi ta zuba mashi, ina ragewa, shi kuma yana ce mani, "Ƙara ganye, na yau ba ya da ƙarfi." Ganye fa yake tsammani! Ya daina barci, ya daina cin tuwo, ya rame, yana tauna haƙora. Matarsa ta same ni ta ce, "Yaya, ka yi ma ɗan'uwanka magana, aikin ya yi yawa." Na ce to. Sai kuma aka kama direban nan a wani shinge, ƙanƙara ta yanke ƙaf. Sallau ya zo ya sha shayi na gaskiya ya watsa mani kofin, ya ce na fara yi mashi rowa. Tsoro ya kama ni, na tafi Tasawa na yi ta yawo har na samu wani da ban sani ba, ya sayar mani da wata mai ɗan ruwan ɗorawa, Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya a ciki. Ita ce ta ƙarasa shi. Ya fara soshe jikinsa har jini, wai ƙwari na tafiya ƙarƙashin fatarsa, yana leƙa bayan rumbu, yana cewa ana bin shi. Daga ranar na zubar da sauran a masai, amma aikin gama ya gama.

Akwai wata tsohuwar Bafillata, Inna Jumma, da rugarsu ke bayan gonar kawu. Kullum ta nan take ratsawa da ƙwaryar nono, takan dama ma Sallau hura tun yana saurayi. Da ya rikice sai bakinsa ya kama sunanta. "Ga Inna Jumma nan cikin hatsi! Ku ce ta daina kallona!" Shi ke nan, gari ya ɗauka ta kama mashi kurwa. Mata suka daina sayen nononta, yara na jifar ta, wanda duk ya taɓa yin zazzaɓi sai ya tuna ranar ya gamu da ita. Kawu ya ɗaure Sallau da igiya a ɗaki, ana ta hayaƙi da rubutu. Na ce, "Kawu, mu kai shi likita mana." Ya ce, "Likita na maganin maye? Sunanta fa shi ka kira, kai ba ka ji ba?" Na tafi ni kaɗai wajen wani majo, babban ma'aikacin asibiti, a Tasawa, na ce wani abokina ne. Ya ce a kawo shi maza, ana iya taimakonsa, amma dole a gaya masu abin da ya sha. Ya dube ni ya ce, "Abokin nan naka, wa ke ba shi?" Na ce isans ɗina, man moto, zai ƙare, na fito da gudu kamar ɓarawo.

Yanzu dattawa sun yanke cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a kawo Inna Jumma ƙofar mai gari ta tsallaka Sallau a gaban jama'a, wai ta saki kurwarsa. Kun san abin da wannan ke nufi: in ta tsallaka, ta amsa ita mayya ce, jikokinta ma ba mai aurensu. In bai warke ba kuma, kuma na san ba zai warke da tsallake ba, me samarin gari za su yi mata? Babban ɗanta Buba ya riga ya faɗa a kasuwa cewa duk wanda ya taɓa uwarsa, sai dai a kwashi gawa biyu. Mutanen da muke zaune lafiya da su tun kakanni, shanunsu na kwana gonakinmu da rani. Duk saboda kofin shayi ɗaya na wasa!

In na yi magana, gidan kaso ne, ɗauri. Uwata ƙanwar kawu ce, ciki ɗaya, da wane ido za ta dube shi? Ƴan barema da na shayar za su ce na tona masu asiri, mutanen direban nan kuma ba su san wasa ba. Ina da mata da ƴaƴa ƙanana. In na yi shiru kuma? Jiya na shiga wajen Sallau, ya ɗan dawo hayyacinsa, ya dube ni daga cikin igiya ya ce, "Rago, kai ma ka bari sunka ɗaure ni? Kawo mani shayinka, shi kaɗai ka yi mani daɗi." Na fito bayan gida na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, kawu ya ce tunda ni ke da moto, ni zan ɗauko ta. Ya aike ni ruga in gaya mata. Na same ta tana wanke ƙwarya, na kasa haɗa ido da ita. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Buba ya ce kada in tafi. Amma in kai ne za ka zo, ɗana, zan hau. Na san ba ka kai ni inda za a cuce ni."

Jama'a, jibi ne Juma'a. In faɗa ma kawu shi kaɗai, ko in tsaya ƙofar mai gari in faɗa gaban kowa, ko in saci Sallau in kai shi likita in ya so a kama ni can? Tsohuwar nan za ta ɗaura zanenta mai kyau ta zauna jirana. Don girman Allah, me zan yi?